Kwana biyu rak a Japan: yaya zan kai iyalina ƙauyen ruwan zafi na kan dutse?

"Assalamu alaikum. A ƙarshen watan Janairu zan je Tokyo wani taron aiki na mako guda, tare da maiɗakina. Bayan an tashi daga taron muna da kwana biyu rak kafin jirginmu. Na sha ganin hotunan ƙauyukan nan na kan dutse masu maɓuɓɓugar ruwan zafi, dusar ƙanƙara a kan rufi, tururi na tashi a lungu-lungu, kuma raina ya biya. Shin kwana biyu za su isa? Wanne ya kamata mu je? An kuma ce mini tsirara ake wanka a can, to yaya Musulmi zai yi? Abinci fa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka huɗu ne, amma guda ce ke jan ragamar sauran: wane ruwa ne kai da maiɗakinka za ku shiga hankalinku kwance. Amsar wannan ita ke zaɓar muku masauki, masauki shi ke yanke lokacin da za ku isa, lokacin isa kuma shi ke nuna jirgin ƙasan da za ku hau. Mutane da yawa ta wutsiya suke kamo abin. Su ga hoto, su yanki tikiti, su isa ƙauye da yamma, su tarar babu wankan da za su iya yi, gidajen abinci kuma duk sun cika. Kwana biyu sun isa, da sharaɗi biyu: ku kwana can dare ɗaya, kuma ku zaɓi wurin da bai wuce tafiyar awa uku daga Tokyo ba, in ta yi tsawo huɗu.

Abin da ake kira onsen

Japanawa na ce wa irin wannan ruwa onsen. Ƙasar tana zaune ne a kan duwatsu masu aman wuta, don haka ruwan da ya nutse ƙarƙashin ƙasa yakan ɗau zafi, ya narkar da ma'adinai, sannan ya ɓullo. Akwai doka tun 1948 da ta fayyace wanda ya cancanci sunan: ko dai ya fito da zafin digiri 25 zuwa sama, ko ya ƙunshi ɗaya daga cikin sinadarai 19 da aka lissafa, a gwargwadon da aka ƙayyade.

In ka taɓa shiga Wikki a Yankari, kada ka auna da shi. Ruwan Wikki yana wajen digiri 31, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa ake wuni ana iyo a ciki. Kwamin wankan onsen na yau da kullum yana tsakanin digiri 40 da 42, a wasu ƙauyukan ma ya zarce haka. Ba a iyo, ba a wasa, ba a saɓa sabulu a ciki. Wanka ake yi tsaf a waje, sannan a shiga a zauna shiru na 'yan mintoci a fito. Duk ladubban wurin daga nan suka samo asali: ruwa ɗaya ne mutane da yawa ke zama a ciki, kowa na son ya tarar da shi da tsabta.

Wane ƙauye

Hoton da ya fi yawo a intanet, na dogayen gidajen katako a gefen rafi da fitilu da dare, galibi na Ginzan Onsen ne a lardin Yamagata. Ba zan tura ku can ba. Jirgin ƙasa daga Tokyo zuwa tashar Oishida ya haura awa uku, ga bas a kai, masaukan ba su fi goma sha wani abu ba, kuma na lokacin sanyi sukan cika tun watanni kafin lokacin. Kusatsu a lardin Gunma ya fi kusa da abin da zai yiwu. Yana kan tsayin mita 1,200, ruwan da ke ɓulɓulowa a garin ya haura lita 32,000 a minti ɗaya, kuma akwai bas kai tsaye daga unguwar Shinjuku ta Tokyo mai cin kusan awa huɗu. Sai dai gari ne sosai, ya wuce a ce masa ƙauye, ruwansa kuma mai tsami ne ƙwarai, yana yi wa ƙaramin ciwo ko kaushin da ya tsage zogi. Hakone ya fi kowanne kusa, wajen awa ɗaya da rabi daga Shinjuku, yana da masaukai masu wankan keɓe da yawa, amma yanki ne a warwatse, kuma ba lallai ku ga ƙanƙarar da kuke marmari ba. Ku riƙe shi a matsayin mafita idan komai ya cushe.

Wanda ya fi dacewa da abin da ka siffanta shi ne Nozawa Onsen, a arewacin lardin Nagano. Ƙauye ne na gaske, mutanensa dubu uku da 'yan kai, a jingine a gindin dutsen Kenashi mai tsayin mita 1,650. Tituna ƙanana ne masu gangara, ruwa na gudu a kwatoci yana tururi, iska na ɗauke da warin farar wuta, irin na dafaffen ƙwai. Cikin awa ɗaya mutum zai zaga shi da ƙafa. A saman ƙauyen akwai Ogama, tafkuna biyar da ruwansu ke kusa da digiri 90, inda mutanen gari ke sulala ganye da ƙwai a cikin kwanduna. An kewaye wurin, baƙo daga bayan shinge yake kallo, kuma wannan shingen don lafiyarsa aka yi shi.

Illarsa guda ce, kuma dole in faɗa maka: ƙarshen Janairu tsakiyar kakar masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ce, kuma Nozawa na cikin wuraren da suka fi so. A nan aka yi ɗaya daga cikin wasannin Olamfik na hunturu na Nagano a 1998. Kuɗin ɗaki na tashi, wasu masaukan ba sa karɓar mai kwana ɗaya. In kwanakinku biyu sun faɗo tsakiyar mako, kun yi sa'a. In Asabar ce, ka fara nema yau ɗin nan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abu ɗaya da ya taimake ku shi ne bikin wuta na ƙauyen, Dosojin, ranar 15 ga Janairu ake yin sa, cunkosonsa ya wuce kafin ku zo.

Batun tsiraici

Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. A wankan jama'a maza na ɓangarensu, mata na nasu, amma kowa tuɓewa yake yi gaba ɗaya. Ba a shiga da gajeren wando, ba a shiga da zani. Akwai ɗan ƙaramin tawul da mutum ke kare gabansa da shi yayin tafiya daga wurin tuɓewa zuwa bakin ruwa, amma ba ya taɓa ruwan, a ka ake ɗora shi ko a ajiye a gefe. Kada ka yi tunanin za ka lallaɓa ka shiga da wando a ƙyale ka don kai baƙo ne. Za a yi maka magana, kuma a idonsu kai ne ka ɓata ruwan.

Nozawa na da gidajen wankan unguwa goma sha uku da ake kira sotoyu. Mutanen unguwa ne ke kula da su da kansu, ƙungiya-ƙungiya, suna share su suna biyan kuɗin gyara, tsarin da ya faro tun zamanin Edo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ba a yanka tikiti, akwatin gudummawa ne a bakin ƙofa. Mafi shahara shi ne O-yu, ginin katako mai hawa-hawan rufi a tsakiyar ƙauye. A cikinsa wurin tuɓewa da kwamin wanka ɗaki ɗaya ne, babu labule tsakani. Hukuncin shiga irin wannan wuri na malamai ne, ni ba zan yi maka fatawa ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne babu wata dabara da za ta suturta mutum a cikinsa, kuma jiran lokacin da babu kowa caca ce, don ƙofa a buɗe take tun asuba har ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Mafita ita ce wankan keɓe, kuma ba wani abin kunya ba ne a can, su ma Japanawa masu iyali da masu ƙananan yara suna nemansa. Sunansa kashikiri-buro, wasu su ce kazoku-buro, wato wankan iyali. Ɗaki ne mai kwaminsa da ƙofar da ake kullewa ta ciki, ana ba ku shi na minti 45 ko 50. Wasu masaukan kyauta suke bayarwa ga wanda ya sauka a wurinsu, wasu su caji yen (kuɗin Japan) dubu ɗaya zuwa uku. Tsarin kama layi ya bambanta: a wani wuri kana isa za a miƙo maka takarda ka zaɓi lokaci, a wani kuma allo ne a ƙofa, in ka ga babu kowa ka juya shi ka shiga. Inda ake zaɓar lokaci, wanda ya riga isa shi ke kwashe lokuta masu kyau, wato gab da abincin dare da kuma bayansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin isa da wuri.

Sama da wannan akwai ɗakin kwana mai kwamin onsen nasa na kansa. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ku ne da ruwanku dare da rana. A nan akwai tarko: ba kowane ɗaki mai baho ne ruwan maɓuɓɓuga ke shiga bahonsa ba. Wani ruwan famfo ne aka dafa. Ka tambaya a fili ko ruwan bahon ɗakin onsen ne. Haka kuma ba kowane masauki a Nozawa ke da kashikiri ba, ƙananan gidajen da yawa sun dogara ne da sotoyu na unguwarsu. Kada ka biya ko sisi sai an tabbatar maka a rubuce.

Sauran hanyoyi biyu ƙanana ne. Akwai ashiyu, kwamin tsoma ƙafa, inda mutum ke zaune da kayansa ya naɗe wando zuwa ƙwauri, akwai guda dab da O-yu. Akwai kuma wani wurin wanka na zamani a ƙauyen, Sparena, mai tafkin waje da ake shiga da kayan iyo, sai dai maza da mata a haɗe suke, don haka ya warware matsala ɗaya ya kawo wata.

Ko a wankan keɓe ladabin bai canza ba, domin bayanku wasu za su shiga ruwan nan. Za ku ga jerin famfuna, kowanne da kujera 'yar tsugunno da ɗan kwano. A zaune ake wanka, a cuɗa da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Mu da muka saba laɓta man shafawa lokacin hunturu sai mun ƙara kula, don maiƙon yana tasowa saman ruwa. Maiɗakinka ta tufke gashi ko kitso sama yadda ba zai taɓa ruwa ba. Ku cire zoben azurfa, farar wuta na mayar da shi baƙi cikin mintoci. In kun ga wasu 'yan fararen abubuwa ko baƙaƙe suna yawo a ruwan kamar ɓarɓashin takarda, ma'adinin ruwan ne, yunohana suke ce masa, alamar ruwa na asali ce. Wani abu kuma da ba kowa zai tuna ba: wuraren wanka da yawa a Japan na hana masu zanen jarfa a jiki shiga, kuma baƙin lalle mai zane a hannu da ƙafa na iya kama da shi a idon wanda bai san lalle ba. In ta yi ƙunshi kafin tafiya, ku yi bayani a wurin karɓar baƙi tun farko.

Masauki da agogonsa

Masaukin gargajiya shi ne ryokan. Ƙaramin na iyali, mai sauƙin kuɗi, minshuku. Abu na farko da ke rikita baƙo: kuɗin kowane mutum ake rubutawa, ba na ɗaki ba. In ka ga yen 20,000, ku biyu 40,000 ke nan. Farashin yakan haɗa da abincin dare da karin kumallo. Ryokan mai kyau da abinci biyu yakan kama daga wajen yen 15,000 zuwa 30,000 kowane mutum, na kakar ƙanƙara ya fi karkata sama. Akwai ɗan harajin wanka da ake ƙarawa, yawanci yen 150 a kan kowa. Farashi na motsi, wanda masaukin ya rubuto maka shi ne abin riƙewa. Ka karanta sharaɗin fasawa, domin wanda ya fasa ranar zuwa yakan biya kuɗin gaba ɗaya.

Ana ba da ɗaki daga ƙarfe uku na yamma, a fita ƙarfe goma na safe. Abincin dare wajen shida zuwa bakwai ne, kuma lokacin ba na wasa ba ne. An yi cefane da ƙidayar kawuna, an dafa kala-kala a jere, ma'aikatan 'yan kaɗan ne. Wanda ya iso ƙarfe takwas ba tare da ya kira ba zai iya rasa abincin da ya riga ya biya. Za a nemi fasfo ɗinku a kwafa, doka ce a kan kowane baƙo daga waje. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa, a sa silifas, silifas ɗin ma a cire kafin a taka tabarmar tatami ta ɗaki. Banɗaki na da nasa silifas daban, kuma fitowa da su tsakar gida shi ne kuskuren da kusan kowane baƙo ke yi. Shimfiɗa a ƙasa take, katifar futon, galibi ana shimfiɗa ta kuna wurin cin abinci. Za ku tarar da rigar yukata a ɗaki: ɓarin dama a ciki, na hagu a sama. Akasin haka gawa ake yi wa. Maiɗakinka na iya ɗora ta a kan kayanta da hijabinta, ba wanda zai ce uffan.

Abinci

Naman alade a fili ba shi ne babbar matsala ba, don ana ganinsa a guje masa. Matsalar tana cikin romo da miya. Girkin Japan na yawan amfani da sake, giyar shinkafa, da mirin, wata giyar mai zaƙi ta girki. Suna shiga romon taliyar soba, da miyar da ake dafa kifi da ganye a ciki, har da wasu kayan tsami. Naman sa da kaza kuma ba yankan Musulmi ba ne. Nagano ta shahara da ɗanyen naman doki, basashi, ana iya kawo muku shi a matsayin karramawa. Su ma suna cin fara kamar mu, sai dai tasu a miyar waken soya da sukari ake dafa ta, sau da yawa da mirin.

Ka rubuta wa masaukin tun ranar kama ɗaki, ba ranar zuwa ba. Kada ka tsaya a kalmar halal kawai, don mai girki a ƙauye zai iya ƙin karɓarku saboda tsoron kada ya yi kuskure, ko ya ce to bai gane ba. Ka lissafa masa dalla-dalla: ba nama kowane iri, ba romon nama, ba kitsen alade, ba sake, ba mirin, amma kifi, ƙwai, shinkafa, ganye da tofu, wato awararsu, duk kuna ci. Alade a bakinsu butaniku ne, nama niku, kifi sakana. Cire nama abu ne mai sauƙi a wurinsu. Cire mirin shi ne mai wuya, saboda an riga an haɗa miyar kowa da shi, kuma masaukin kirki zai gaya maka gaskiya in ba zai iya ba. In haka ta faru, ka kama ɗaki ba abinci, sudomari ke nan, ku zo da guzurinku. A Tokyo akwai shagunan halal a unguwar Shin-Okubo da kuma harabar masallacin Tokyo Camii. A ƙauyen kuma za ku samu gasasshen kifi da gishiri, farar shinkafa, tuffa ta Nagano, da ƙwan da ake dafawa a akwatunan ruwan zafi da ke gefen wasu sotoyu. Akwai oyaki da ake sayarwa da zafinsa a titin O-yu, ƙullin fulawa mai cike da ganyen nozawana wanda ƙauyen ya yi suna da shi, amma ku tambayi abin da aka sa a ciki. Gidajen abinci ƙanana ne, a wannan kakar suna cika tun farkon dare, wanda bai kama wuri ba sai ya yi ta zagaye cikin sanyi.

Kilishi da dambun nama ku bar su a gida. Japan ta hana shigo da kayan nama ba tare da takardar hukuma ba, busasshe ne ko dafaffe, akwai karnuka masu sansana kaya a filin jirgi, kuma tarar na iya kaiwa yen miliyan uku.

Hanya

Daga tashar Tokyo za ku hau jirgin ƙasa mai sauri na Hokuriku Shinkansen zuwa garin Iiyama, ƙasa da awa biyu. A nan ake yawan yin ɓatan kai, domin jirage iri uku ne ke bin layin daga Tokyo. Kagayaki ya fi sauri amma ba ya tsayawa a Iiyama, zai wuce da ku. Asama a birnin Nagano yake ƙarewa, tasha ɗaya kafin taku. Naku shi ne Hakutaka, shi ma ka duba a allon cewa wanda za ku hau yana tsayawa Iiyama. Kuɗin zuwa na kusa da yen dubu tara kowane mutum. Ku kama kujera tun kwana biyu ko uku kafin ranar, a na'urar tasha ko a ofishin tikiti, na zuwa da na dawowa. In an ba ku tikiti biyu-biyu, na tafiya da na jirgi mai sauri, tare ake zura su a ƙofar shiga, a karɓe su ta ɗaya gefen. Kada wani ya sa ka sayi Japan Rail Pass, tikitin baƙi na hawan jiragen ƙasa na kwanaki, don wannan tafiya: a Oktoban 2023 na kwana bakwai ya koma yen 50,000, ya ninka abin da za ku kashe fiye da sau biyu.

A ƙofar tashar Iiyama akwai bas mai suna Nozawa Onsen Liner, minti 25 zuwa ƙauyen, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan yen. An tsara shi ya dace da isowar jirage, amma ba kowane minti yake tashi ba, kuma ranar cunkoso layi na da tsawo, don haka kuna sauka ku nufi wurinsa. Tasha ta tsakiyar ƙauye ita ce Chuo Terminal. Ka tambayi masaukinku tashar da ta fi kusa da su. Jadawalin bas na sauyawa da kaka, ka ɗauki hoton na dawowa tun kana Iiyama.

Manyan akwatuna kada su biyo ku. Jan akwati mai taya a kan gangara mai ƙanƙara wahala ce tsagwaronta. Ku bar su a otal ɗinku na Tokyo, yawanci suna ajiyewa, ku ɗauki jakar goyo ɗaya-ɗaya. Ku riƙe tsabar kuɗi, kamar yen 20,000 zuwa 30,000 ban da kuɗin ɗaki, tare da 'yan sulalla na akwatin gudummawa da bas, domin ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Ku cire tun a Tokyo, na'urorin shagunan 7-Eleven da na gidan waya na karɓar katin waje, in bankinka na gida ya yarda. In ba a riga an ba ku biza ba, ka sa daren Nozawa da sunan masaukin a jadawalin kwanakin da ake miƙa wa ofishin jakadanci.

Zafin ruwa da lafiya

Abin da ke kayar da mutane a onsen shi ne sauyin zafi farat ɗaya. Ka tuɓe a ɗaki mai sanyi, jijiyoyin jini su tsuke, hawan jini ya tashi. Ka faɗa ruwa mai digiri 42, su saki, ya sauka. Ka miƙe da sauri, jiri ya ɗebe ka a kan daɓe mai santsi. Maganinsa sannu-sannu: ka sha ruwa kofi ɗaya kafin shiga, ka ɗebi ruwan kwamin da kwano ka zuba daga ƙafa zuwa cinya zuwa kafaɗa, ka zauna zuwa ƙugu tukuna, sannan ka nutsa zuwa kafaɗa. Shawarar ma'aikatar muhalli ta Japan ita ce minti 3 zuwa 10 a farko, sau ɗaya ko biyu a rana ga sabon shiga. Da ka ji goshi ya fara tsatsafo da gumi, lokacin fita ya yi. Ka tashi a hankali kana dafe da gefe. Kada a shiga da cikakken ciki ko da yunwa mai tsanani. Bayan an fito a sake shan ruwa, a zauna rabin awa, sannan a shafa mai, don fata na bushewa.

Ruwan Nozawa ya yi suna wajen zafi, na wasu sotoyu ma ɗan gari ne kawai ke jure masa. A wankan keɓe galibi akwai famfon ruwan sanyi na sirkawa, ku sirka daidai, ku rufe in kun gama. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da dattijo an shawarce su su guji ruwan da ya kai digiri 42. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai ya gwada ruwan da hannu tukuna. In ɗayanku na da sikila, sanyi mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon, wannan tafiya kuwa ta haɗa biyun. Waɗannan, da mai juna biyu, maganar likitansu ce gaba da tawa. Lambar motar asibiti 119 ce.

Sanyi, sallah da dawowa

Sanyin Nozawa a Janairu yakan sauka ƙasa da sifiri, ba irin na Jos ba ne balle na Kano. Ku sa kaya hawa uku: na ciki mai kama jiki, suwaita, da babbar riga mai hana iska da ruwa, ga safar hannu da hular da ke rufe kunne. Duk ana samunsu a Tokyo. Takalmi ya fi komai muhimmanci. Mai sulɓin ƙasa zai kayar da mutum tun a tashar bas. Ana sayar da wasu ƙugiyoyin roba masu ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi, kuɗinsu kaɗan ne. A taka gajere-gajere, hannu a waje da aljihu, kuma kada a tsaya a ƙarƙashin bakin rufi, don ƙanƙarar da ta taru a kai takan zamo gaba ɗaya. Sanyi na shanye batirin waya, a sa ta a aljihun ciki. Soket ɗinsu mai baki biyu ne shafaffu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi.

Babu masallaci a ƙauyen, a ɗaki za ku yi sallah, tatami kuwa tsaf take tunda ba a taka ta da takalmi. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a Japan alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 293 daga Tokyo. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar a ƙarshen Janairu, don haka la'asar da magariba na zuwa kusa da juna. Galibin banɗakunan na da abin fesa ruwa a jikin masai, ba sai kun nemi buta ba.

Yadda nake jera irin wannan tafiya shi ne a bar Tokyo wajen ƙarfe goma na safe, a isa ƙauye wajen ɗaya, a ajiye jaka a masauki ko da ɗaki bai buɗe ba, a kama lokacin kashikiri, a haura Ogama da sauran haske, a karɓi ɗaki ƙarfe uku. Wanka ɗaya kafin magariba, abinci ƙarfe shida, ɗan zagaye a titin O-yu da dare lokacin da tururi ya fi fitowa a hasken fitilu. Da safe wanka na biyu in akwai gurbi, karin kumallo, a fita ƙarfe goma. In gari ya waye garau, ku hau motar igiya ta Nagasaka, wadda ke rataye a waya tana haurawa da mutane kan dutse, ku ga tsaunukan daga sama, ku tambayi tikitin masu zuwa kallo su dawo. Birai masu wanka a ruwan zafi na Jigokudani suna wannan lardin, amma zuwa wurinsu aikin wuni ne daban, kada ku cusa shi. Ku bi bas ɗin ƙarfe ɗaya ko biyu na rana, ku kwana Tokyo. Shinkansen ba ya cika tsayawa saboda ƙanƙara, hanyar mota tsakanin ƙauye da Iiyama ce kan yi nauyi in an kwana ana zuba ta, kuma daga tashar Tokyo zuwa filin jirgin Narita akwai wata awa guda a gaba. In jirginku na daren rana ta biyu ne, ku bar ƙauyen da bas ɗin farko bayan karin kumallo, motar igiya ta jira wani zuwan.